Ni na sauya lissafin ruwan, amma birkila ake zagi

Assalamu alaikum Anti da masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma ku ji ni har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci, don ni ma ban yafe wa kaina ba.

Ni injiniya ce, 'yar Gumel. Shekara biyu da suka wuce kamfaninmu ya ba ni zanen kwalbatin wani ƙauye a yankin Sule Tankarkar, aikin farko da na riƙe ni kaɗai. Kafin a zuba siminti mukan gwada a kwamfuta da manhajar da ke kwaikwayon gudun ruwa. Ita ba ta taɓa taka ƙauyen ba, abin da ka gaya mata shi take bi: yawan ruwan da ke shigowa ta mashiga, da abin da zai tarar a mafita. Da na ba ta gaskiya sai ta nuna ruwa yana dawowa baya, domin mafitar a bakin kududdufi take, shi kuwa cika yake yi a watan Agusta. Gyaran sai an sake zanen kwalbatin daga mai baki ɗaya zuwa mai baki uku, ga shi saura kwana biyu in miƙa, ga abokan aiki sun zuba ido su ji an ce mace ta kasa. Sai na rage ruwan mashiga, na rubuta cewa mafita fili ne fetal, babu abin da ke tare ruwa. Nan take komai ya yi kyau a allo. Na sa hannu.

Abin da ya fi ci mini rai, an gargaɗe ni. Malam Haladu, dattijon birkilan ƙauyen da aka ba ginin, ya ce, "Ranki ya daɗe, kududdufin nan in ya ƙoshi amai yake yi. Kwalbati mai baki ɗaya ba zai isa ba." Na ce, "Baba, kwamfuta ta riga ta lissafa." Ya ce, "To, ku kuka yi karatun," ya ɗauki ceburinsa.

Daminar farko lafiya lau. Bana, wata Laraba da la'asar, aka sheƙa ruwa, kududdufi ya cika, ruwa ya juyo ya malale unguwa. Gidajen ƙasa suka jiƙe, katanga ta faɗa wa wata mai jego tana ƙoƙarin kwance awakinta. Kafin a kai ta Gumel rai ya yi halinsa.

Yanzu duk ƙauyen cewa ake Malam Haladu ya cinye siminti. Ba mai ba shi aiki, ko a masallaci gefe yake zama. Da na je ta'aziyya ya biyo ni har mota, ya ce, "Injiniya, ko hannuna ne ya kuskure? Sau uku fa na auna." Na buɗe baki na ce, "Ƙaddara ce, Baba." Wace irin mace ce ni? Da wane ido zan tsaya gaban Allah?

Jiya shugabana ya ce a gina irin zanen a wurare biyu wajen Gagarawa, wai tunda laifin magini ne. Lissafin farko na gaskiya yana nan a kwamfutata, ban goge ba. In na fito da shi, aikina ya tafi, wataƙila har kotu, kuma mahaifina mai hawan jini da ke tinƙaho da ni zai ji a bakin mutane. In na gyara a ɓoye na ceci mutanen Gagarawa, amma dattijon nan zai shiga kabari da alhakin ran da ke wuyana.

Me zan yi?