Bencin Baya

Zuwa ga Innata a Zuru,

Gaisuwa daga Goronyo. Yaya jikin Baba, yaya su Saratu? Ni lafiya lau, albasa ta yi kyau, kuma Malam Zayyanu mai gonar da nike wa aiki shina riƙe da ni da mutunci. Majami'a ce dai babu kusa, amma kada ki damu.

Na ji an maido abokina Habila cikin zumuntar ikilisiya, har ya ci jibin Ubangiji. To, madalla. Amma Inna, tare muka sha burkutun nan, kuma shi ya fara zagin dattijon ikilisiya. Mi ya fi ni da shi? Fasto ya ce mu zauna bencin baya wata shida. Shi Habila ya zauna ana kallonshi, ni kunya ta koro ni. Yanzu shina bada waƙa gaban jama'a, ni kuwa shekara biyu ke nan in na durƙusa addu'a sai bakina ya yi nauyi.

Ki gaishe shi, tunda ya zama dole. Ki aiko min da daddawa. Ki kuma tambayi Fasto ko bencin shina nan. In an cire albasa zan zo in zauna.

Ɗanki,
Irmiya