Inda Ya Tsaya da Karatu

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fatan kina lafiya, ke da yara, kuma ƙafar Mama ta yi sauƙi.

Na ga saƙonki cewa kwamitin bishara zai turo mota ƙarshen wata a mai da ni gida. Ban ƙi ba. Tun da muka binne maigidana komai aka ce in yi, yi nake. Ina ci, ina wanka, ina buɗe baki in an ɗauko waƙa. Kuka dai ya ƙi zuwa. Addu'a ma sai in durƙusa har gwiwa ta yi tsami, in tashi kamar na je kasuwa na manta abin da ya kai ni.

Kayansa na ɗaure su, ban da Littafinsa Mai Tsarki. Kin san shi da cewa wanda ya ga wuta ta kama gidan maƙwabci ya yi shiru, alhakin na wuyansa. Ni yanzu ko wutar ba na gani, Yaya.

Ki gai da kowa.
Ƙanwarki, Auta.

Yayata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, ga abin da ya faru.

Akwai wani tsoho mai gyaran takalma a bakin layinmu, idonsa ya tafi, da lalube yake ɗinki. Shekaru maigidana yana karanta masa Littafi kowace safiya, shi kuwa ban da gardama babu abin da yake yi. Dabarar maigidan ita ce, ba ya taɓa ƙarasa labari. Daidai inda ya yi daɗi zai rufe, don tsohon ya neme shi gobe. Har tsiya nake masa, in ce wannan ai rowa ce.

Jiya na wuce, na ga har yanzu yana fitar da kujera ta biyu, wadda maigidana ke zama a kai. Ya gane takuna, ya kira ni. Wai a karatun an bar shi a bakin kabarin Li'azaru, an ce a kawar da dutse, tun ranar bai san abin da ya biyo baya ba. Ya ce bai yarda a tafi da ni ba sai ya ji.

Na ɗauko Littafin, alamar tana wurin. Na karanta yadda aka kira mamaci ya fito. Muryata ko rawa ba ta yi ba, ban kuma ji komai a raina ba. Tsohon ya ajiye allura, ya tambaye ni me ya sa ba a kira maigidana ba. Na ce ban sani ba. Na gaya masa za a kira shi, amma ba yau ba, kuma ranar shi ma tsohon za a kira sunansa, gara ya san muryar tun yanzu. Karo na farko bai yi gardama ba, ya ce in ci gaba.

Na ci gaba kaɗan. Sai da na dawo ɗaki na lura a tsakiyar labari na rufe.

Ki ba kwamiti haƙuri, kada su turo motar. Gobe da safe ana jirana.

Taki har kullum,
Auta.