Layin Ƙarshe Na Takardar Inna

Alƙahira

Yaya Rabi'atu,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya ƙafar Baba? Ya mutanen Yalwawa? Ya ƙarin haƙurinmu? Ni lafiya lau, karatu na tafiya, abinci ne dai ba ya shiga.

Shekaranjiya aka yi mini hoton nono. Kada hankalinki ya tashi, ba a ga komai ba. Amma likitar ta ce naman nonona mai kauri ne. Irinsa ya fi haɗarin kamuwa da ciwon daji, kuma yakan ɓoye shi, don a hoto fari yake fitowa, ƙullutun ciwon ma fari. Ta ce yakan bi jini.

Da na koma ɗaki na buɗe takardar asibitin Inna, wadda kika turo mini ta waya bara waccan. Yaya, maganar nan tana layin ƙarshe, har da cewa a sake duba ta da wata na'urar. Ni ce 'yar boko, ni kuka tambaya. Na karanta "ba a ga komai ba," na tsaya nan, na ce ku soya waina a yi sadaka. Har Jahun kuka kai wa su Gwaggo. Wata goma sha huɗu Inna tana ɗauke da ciwon, tana sa mini albarka.

Don Allah ki je a duba ki, ki tafi da autarmu Zaituna. Kada ku turo mini takardar. Ku sa likita ya karanta muku har ƙasa.

Allah Ya jiƙan Inna. Ki gaida Baba, amma ki bari in faɗa masa da bakina.

Ƙanwarki,
Fiddausi