Gansakuka Ta Cinye Tankin Da Kuka Hana Mu Hudawa

Zuwa ga Shugaban shirin koya wa manoma kiwon kifi, mai kula da shiyyar Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyali.

Sunana Isuhu. Mutumin Tafoki ne ni, amma damina biyu ke nan ina fakewa cikin garin Faskari. Gonata a bakin daji take. A kan kunyarta aka ɗauke ƙanena Haruna da rana tsaka, har yau ba mu ji ɗuriyarsa ba. Ina cikin waɗanda kuka koya wa kiwon tarwaɗa, kuka ce ga sana'ar da za ta hana mu komawa daji. Lambar da ma'aikatanku suka bar mana na kira har yatsana ya gaji, ba ta shiga. Shi ya sa na rubuto a fili, don wallahi na kasa zaune na kasa tsaye.

Na farko. Kun ba ni farin tankin roba da 'ya'yan kifi ɗari biyar, na gode, Allah Ya saka. Amma ma'aikatanku da kansu suka zaɓi inda za a girke shi: tsakiyar gida, inda rana ke duka tun hantsi har la'asar, wai don hoto ya fito da kyau. Sannan muka dangwala yatsa a takarda cewa ba za mu gusar da shi ba, ba za mu huda shi ba, sai masu dubawa sun zo. Wanda ya saɓa, a ƙwace. Yau sati tara, ko ƙurar motarsu ba mu gani ba.

Na biyu, kuma shi ne ciwon. Sati biyu da zuba kifi ruwa ya koma kore shar kamar miyar kuka. Gansakuka ce, mai zare-zare, ta lulluɓe bangon tanki, ta naɗe ƙananan kifi sai ka tarar da su a sarƙe sun mutu. Na kwashe da hannu. Na goge da soso. Kwana uku ta dawo, har ta fi da. Tankin ba shi da mafitar ruwa ta ƙasa, don haka ni da maiɗakina Binta da bokiti muke kwarfe shi, mu ja wani daga rijiya, amma dattin abinci da kashin kifi suna nan kwance a gindi, bokiti ba ya kai gare su. Na kafa rumfar zana don in tare rana, wakilinku na unguwa ya zo ya ce in sauke, wai ta rufe rubutun shirin da ke jikin tankin. Haba, ranka ya daɗe! Rubutu ne zai ciyar da gidana?

Na uku, laifina ne, ba zan ɓoye ba. Ni manomi ne, shekara talatin in na ga kore inda ban shuka ba, ciyawa ce. A kwana ukun da aka yi ana koya mana, ba wanda ya ambaci gansakuka ko sau ɗaya. Ina da ragowar maganin ciyawa tun na gona, sai na ɗiba murfi biyu na zuba. Binta ta riƙe mini hannu, ta ce: "Malam, abin da ke ƙone tofa shi za ka ba mai rai ya sha?" Na ce mata ta tsaya ga tukunyarta. Kafin azahar kifi sun taso ciki sama, fari fat. Ɗari uku da goma sha ɗaya na binne a bayan gida. Gansakukar kuwa ta yi laushi na sati guda, ta sake tsirowa abinta.

Na huɗu. Maƙwabciyata Hajiya Rabi, tsakar gidanta matsattse ne, dole aka girke nata tankin a gindin darbejiya. Ruwanta bai kai rabin nawa kore ba. Ban yi boko ba, amma ina da ido. Rana da datti ne ke ciyar da wannan masifa, kuma su biyun ne takardarku ta hana ni taɓawa.

Ga roƙona. Ku ba mu izini a rubuce mu huda gindin tanki mu sa bututu, mu ja shi inuwa ko mu yi masa rumfa. In hanya ce ke ba masu dubawa tsoro, ban ga laifinsu ba, mu ma tsoronta muke. To su ɗaga waya mana. Ku turo wanda ya san ruwa, ko da a rediyo ne, ya gaya wa manoma cewa gansakuka ba ciyawa ba ce. Na ji an ce wani a 'Yargoje ya yi irin wautar da na yi, kuma ba shi ne na ƙarshe ba.

Kifi ɗari da 'yan kai suka rage mini. Kullum da asuba in na leƙa sai na tsamo biyu ko uku. Ga damina ta kawo jiki, an fara sharar gona. In waɗannan suka ƙare, ba ni da wata hanya sai bakin dajin nan. Binta ta san haka. Shekaranjiya na nemi galmata na rasa, na birkice gidan kaf, ashe ita ta ɗauke ta ta kai gidan Hajiya Rabi ta ɓoye. Na yi kamar ban sani ba. Amma ranar da tankin nan ya zama ba kifi, zan shiga in karɓo ta, kuma kai ne ka riƙe takardar izinin da za ta hana haka.

Allah Ya ba ka ikon duba wannan kuka da wuri, Ya tsare ka da iyalinka daga abin da ya raba mu da gonakinmu.

Wassalam.

Isuhu na Tafoki,
mazaunin Faskari.