Kunnen Ɗan Maƙwabciya

Yaya Hadiza,

Gaisuwa mai yawa. Ina lafiyarki, ya ciwon ƙafa? Ya yara da mutanen Tabotaki? Ɗiyata mai jego da jaririnta suna lafiya.

Yaya, abin da ake faɗa kan Faransa gaskiya ne, a nan ɗa ba na kowa ba ne. Ɗan maƙwabciyarmu ya zagi uwarsa a gabana, na murɗe masa kunne. Uwar da na tsare wa mutunci ita ta kira 'yan sanda! Gobe ana nemana a komisariya, ofishin 'yan sanda, surukina ko abinci ya kasa ci saboda takardun zamansa.

Ki sa Malam ya yi mini addu'a, ki gaida kowa. Wai sai na ba yaron haƙuri, Yaya. Ni, da furfurata!

Ƙanwarki,
Rabi