Rautar Gidanmu, Teburin Malam Idi

Zuwa ga Manajan kamfanin da ya haɗa mana intanet a gida, reshen Haɗeja.

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da iyali da ma'aikata. Yallaɓai, sunana Bilkisu, bana na gama bautar ƙasa. Na zo ofishinku sau biyu aka ce ba ka nan, shi ya sa na rubuto inda kowa zai gani. Ba zan faɗi abin da ban tabbatar ba.

Na ɗaya. Yanzu ta bidiyo ake tantance masu neman aiki, don haka mahaifina ya taɓa shinkafar da ya noma a fadama ya saya mini rautarku, wato na'urar da ke raba intanet a gida. Ma'aikacinku da ya zo haɗawa ɗan unguwarmu ne. Baba yake kiran mahaifina, a zaurenmu ya ci tuwo ranar. Ya ɗaura eriya a saman kwano tana fuskantar ƙarfen sabis ɗinku na hayin kogi, ya gwada a gabana: saukewa megabit ashirin, ɗorawa biyar. Shi da kansa ya koya mini cewa saukewa ce ke kawo mini hoton mutane, ɗorawa kuwa ita ke kai musu fuskata da muryata. Ya ba ni kalmar sirrin waifai, amma ta shiga saitin rautar ya ce ta kamfani ce, ba a ba kwastoma. Na yarda.

Na biyu. Kullum da la'asar sai sabis ya yi sanyi. Na kira ma'aikacin, ya ce damina ce, ruwa ya cika fadama, hadari yana tare eriya. A garin nan ba abin da ruwa bai hana mu ba, sai na sake yarda. Ranar Talatar da ta wuce, ƙarfe huɗu da rabi, aka kira ni tantancewa. Ina jin su sarai, su ba sa ji na. Ina kallon fuskata ta daskare, bakina a buɗe, har suka kashe. Na gwada nan take, ɗorawa ba ta kai megabit ɗaya ba. Kuma ko ɗigon hadari babu a sama.

Na uku. Washegari don takaici na zare rautar daga wuta. Ba a jima ba Malam Idi, mai shayin bakin layinmu, ya yi sallama da mahaifina, ya roƙa cikin ladabi a kunna, masu kallon ƙwallo a waya a teburinsa suna jira. Ashe ma'aikacinku ya buɗe waifai na biyu a rautarmu da wani suna daban, Malam Idi yana biyan sa duk mako, an ce masa da sanin mai gida ne, har da kasonsa. Malam Idi ba shi da laifi. Da maƙwabta sun tambaya, Baba ba zai karɓi ko kwabo ba. Ga shi duk tsawon daminar nan unguwa tana ɗauka yana sayar wa maƙwabtansa abin da ke gidansa. Tun ranar bai sake zama a dakalin ƙofar gida ba.

Roƙona uku ne. A ba ni kalmar sirrin saitin rautar da muka saya. A rufe wancan waifai a gabana. Sannan wani babba daga ofishinku ya zo ya faɗa a gaban Malam Idi cewa mahaifina bai sani ba.

Masu tantancewa sun tausaya, sun ba ni ranar Litinin mai zuwa, sun ce ita ce ta ƙarshe. Rautar tana nan a kashe, ina tsoron kunna ta alhali makullinta yana aljihun wani. Don Allah kada Litinin ta same ni a haka.

Allah ya yi maka jagora, ya haɗa ka da ma'aikata masu riƙon amana, ya tsare 'ya'yanka daga irin wannan.

Wassalam.
Bilkisu, Haɗeja.