Karen da Ya Rage a Keji

Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, da fatan kin tashi lafiya, ko da yake na san ba wata lafiya ba ce, don tun da na shigo asibitinki nake jin takunki a sama, ki je ki dawo.

Kin kashe waya, na ƙwanƙwasa ƙofar ɗakinki har yatsuna sun yi tsami ba ki buɗe ba. To ga takarda ta ƙarƙashin ƙofa. Rabona da rubuta wasiƙa tun babanku yana da rai, sai ki yi haƙuri da rubutun.

Ba faɗa na zo yi ba. Baƙin karen mai gidan burodi ya mutu, ɗansa ya zo ya zazzage miki tijara yana ɗauka a waya, wannan ya riga ya wuce. Amma ɗayan karen nasu yana nan ƙasa a keji, shi kuwa bai san me ake rubutawa a waya ba, cikinsa kawai ya sani. Na ga alamar kina saɗaɗowa da sassafe ki zuba masa abinci ki gudu. Da rana fa? Na karɓi makullin da kika ajiye wurin yayarki, na shigo na tarar ya kifar da ruwansa yana ta haki. Kin san ni da kare. Da sandar goge ƙasa na tura masa kwanon, ina daga bakin ƙofa, ƙafata ɗaya a waje.

Ki rubuto min me zan ba shi, kuma me ya sa yake wannan tarin kamar tsohon mashayin taba. Ki ajiye amsar a kan matakala. Abincinki ma yana nan a wurin.

Allah ya yi miki albarka.
Mamanki

*

Mama,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki da girmamawa. Yaya ƙafar? Don Allah ki daina hawa benen nan, ki bar takarda a matakalar farko zan ɗauka.

Sunansa Toka. Wanda ya mutu Tawada. Ciwonsu ɗaya, tsutsar zuciya. Sauro ne ke ɗauko ta daga jinin wani kare ya sa wa wani, ta girma a cikin zuciya da jijiyoyin huhu, doguwa siririya kamar zaren da kike sa wa keken ɗinki. Ita ke sa shi tari da saurin gajiya. Na yi musu allurar farko mai kashe tsutsar. Matsalar ita ce, in ta mutu ba fita take yi ba, ruguzowa take a hankali cikin jini. In kare ya yi gudu zuciyarsa ta buga da ƙarfi, gutsattsarin sai su toshe masa huhu. Shi ya sa ake kulle shi. Babban keji ɗaya gare ni, na riƙe Toka don ya fi jin jiki, na sallami Tawada gida.

Abincinsa yana cikin farin bokiti, kofi ɗaya da rana. Maganinsa ni zan riƙa ba shi. Kada ki buɗe kejin ko zai yi kukan da zai tara unguwa.

Mama, ban san da wane ido zan kalle ki ba. Ba mutuwar karen ce ta hana ni saukowa ba, dabbobi sun sha mutuwa a hannuna. Abin da na yi ne. Yaron nan ya shigo ya kafa min waya a fuska yana cewa, "Ba ke ce likitar ba? Me ya kashe shi? Faɗa wa duniya!" Na san amsar. Ko daga barci aka tashe ni zan iya bayaninta. Amma na buɗe baki sai na ji kaina ina cewa, "Ban sani ba." Na fashe da kuka, na haye sama da gudu na sa sakata. Ke kuma da kika kawo min abincin rana na bar ki tsaye da kula a hannu, a gaban mutane, a gaban waya. Ni da ake ce wa Likita, na gudu na bar tsohuwa ta tare min.

Kafin in kashe wayar na ga abin da ake rubutawa. Wasu har da ke suke yi wa dariya. Ke da kika sha surutun dangi lokacin da na ce karatun dabbobi zan yi, kina ce musu, "Ku bar min 'yata, ta san abin da take so." Ga sakayyar da na yi miki.

Lokacin allurar Toka ta gaba ya kusa, guda biyu ne, yau ɗaya gobe ɗaya. Jiya na ɗauki sirinji don in gwada, hannuna ya kama rawa. Ki ce su zo su ɗauke shi su kai wani wuri. Ni na gama.

Ki yafe min.
Autarki

*

Auta,

Assalamu alaikum, da fatan kin ci abin da na ajiye. Na ga kin cinye naman kin bar sauran, ashe dai ba ki mutu ba.

Yayarki ta nuna min bidiyon. Na sa ta maimaita min. Abin da ya ɓata min rai ɗaya ne, ɗankwalina ya karkace kuma ba wanda ya gaya min. Dariyar da kike cewa ana yi min, ai don na ce wa yaron, "Ɗana, zauna ka sha ruwa tukuna," ne. To me zan ce masa? Idonsa ya yi ja. Bayan kin hau sama na faɗa masa haka, sai ya kashe wayar, ya zauna a bencin nan ya rufe fuska. Wannan ba ya cikin bidiyon. Kuma ya sha ruwan.

Gudun da kika yi bai yi kyau ba, ba zan ce miki ya yi ba. Amma ni ba ki bar ni a wani wurin da ban iya tsayuwa ba. Na yi shekaru ina ɗinki, an sha jefo min riga a fuska ana cewa na ɓata yadi. Wani lokacin ma da gaskiyarsu.

Labarin Toka. Na daina amfani da sanda. Na lura in na zauna kusa da shi ba ya zabura, sai na kawo kujera da ɗinkin hannu, ina yi ina ba shi labarin maƙwabta. Ya fi ku sauraro, ke da yayarki. Shekaranjiya ya lashi yatsana ta tsakanin ƙarfen keji, na yi ihu, shi ma ya tsorata, muka ba juna haƙuri. Da yamma ina kunna masa maganin sauro a bakin taga, tunda kin ce su ne masu laifin.

Saƙonki na cewa su zo su ɗauke shi, na kai rabi. Na je gidan burodin, na sami mutumin a bayan kanta, ya rame. Na gaishe shi, na yi masa jaje. Na ce, "Karenka yana ci yana sha, amma 'yata ta ce hannunta na rawa." Ya yi ta goge kantar da take a goge. Can ya ce, "Mama, jira ni." Ya shiga ciki ya daɗe, ya fito da wannan takardar da na haɗo miki. Ban buɗe ba, ko da yake Allah ya sani na so.

Ki karanta. Ki kuma yi wanka, don Allah.

Mamanki

*

Zuwa ga Likita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon ki karanta wannan har ƙarshe ko da ranki a ɓace yake da gidanmu.

Kin gaya min kada in bar Tawada ya yi gudu. Na ji da kunnena. Na kulle shi a ɗakin ajiye buhuna, ya yi ta kuka yana karce ƙofa, ma'aikata suna cewa abin tausayi. Karen nan tun yana ɗan jariri nake ba shi madara a murfin kwalba. Ranar na ga ya warware, yana kaɗa jela, tarin ma ya ragu. Na ce bari ya ɗan sha iska a tsakar gida. Daidai nan babur ɗin da ke kai burodi ya tashi, shi kuwa ya saba raka shi har bakin titi. Ya bi shi. Da ya dawo ya kwanta a gindin famfo yana numfashi da ƙyar, kafin mu nemo mota ya cika.

Yarona ba ya nan lokacin. Da ya dawo ya tambaye ni, na ce masa allurar ce ba ta karɓe shi ba. Ban yi zaton zai zo wurinki ba. Da na ga bidiyon na kasa cin abinci, amma kuma na kasa buɗe baki, don yaron nan yana ganina da daraja. Sai da mahaifiyarki ta zo ta yi min jaje, ba ta zarge ni da komai ba, sannan na ji ba zan iya ci gaba da shiru ba.

Yau zan gaya masa. Ban san ko zai cire bidiyon ba, yana da taurin kai, a wurina ya gado.

Toka kuma ba inda zan kai shi. Ke kika gano ciwon lokacin da nake cewa tsufa ne kawai. In kin yarda ki ƙarasa masa.

Ina neman afuwarki da ta mahaifiyarki. Na gode.
Mai gidan burodi

*

Mama,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina yi miki sannu da gajiyar jiya da ta yau. Na san da muka gama yi wa Toka allura kin tsaya kina jira in ce wani abu, ni kuma na tattara audugar na haye sama. Wannan karon ba gudu na yi ba. Bakina ne ya yi nauyi, kuma na ga a takarda na fi iya magana da ke.

Wasiƙar mutumin ba ta wanke ni yadda kike zato ba. Gaskiya ne na gaya masa, amma a bakin ƙofa na faɗa, sau ɗaya, ina amsa waya da ɗayan kunnen. Ban zaunar da shi na ce masa karen zai yi kamar ya warke ba, kuma a lokacin ne ya fi haɗari. Ban ce masa kukan zai dame shi har ya ji kamar mugunta yake yi ba. Da na faɗa masa haka, wataƙila da bai buɗe ƙofar ba. Wataƙila kuma da ya buɗe. Zan je in gaya masa wannan da bakina, kada ya ɗauki kayan shi kaɗai.

Jiya da na sauko na same ki a kujera, kin sa tsohuwar rigar aikina a kan kayanki, hannun ya yi miki tsawo kin naɗe. Ba ki ce min sannu da fitowa ba, ba ki ce na rame ba. Cewa kika yi, "Ina zan riƙe?" kamar tare muka kwana muna aikin. Na aske masa gashin baya, na goge wurin, na ɗauki sirinji, hannuna ya fara halinsa. Kin gani, na san kin gani. Sai kika rungume kan karen a ƙirjinki, kika juya fuska bango, kika ce, "Ni ba na kallo, shi ma ba ya kallo. Yi abinki a hankali." Ina jin yadda numfashinki ke fita, tsoro kike ji kamar ki saki ki gudu. Ba ki saki ba. Allurar ta shiga daidai. Ta yau ma haka.

Mama, tun ina makaranta kike min wannan. Kin riƙe min littafi kina tambayata sunayen ƙasusuwa, kina karanta su a karkace ina dariya. Kin bar ni na naɗe miki hannu da bandeji har ya yi tsami don in koya. Ranar da na buɗe wurin nan ba wanda ya shigo, kika zauna a benci har yamma don masu wucewa su ga kamar akwai layi. Ban taɓa ce miki na gode ba, na ɗauka haka kowace uwa take. Sai yanzu da na kunyata ki nake faɗa, shi ma a takarda, kin ga wata kunyar.

Na gode, Mama. Allah ya saka miki da abin da ba zan iya ba.

Toka bai tsallake ba tukuna. Makonnin nan masu zuwa su ne masu wuya, dole ya ci gaba da zama a kulle, kuma ko an yi komai daidai ana iya rasa shi. Na kunna waya. Bidiyon yana nan, yaron bai cire ba. Gobe ina so in buɗe ƙofar gaba, amma ban yi alkawari ba.

Ki huta gobe, ƙafarki ta kumbura, na gani.

'Yarki mai jin kunyarki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Na karanta. Kin sa ni kuka a gaban kare.

Ban huta ba, kuma na riga na buɗe ƙofar. Akwai wata mata a benci da kyanwa cikin kwali, ta ce ta ga bidiyon, amma ke ce kusa da gidanta. Na ce mata Likita tana sa takalmi.

Kada ki mai da ni maƙaryaciya. Sauko.

Mamanki